Gahwar da Na Ajiye a Bani Malik

Ban daɗe a Jidda ba na gane duk mun yaudari kanmu, ni da Inna mahaifiyata da surukina. Dabarar da muka yi a Bukuru mai sauƙi ce: tunda Lawal ya kasa barin giya, a kai shi ƙasar da babu ita. Ni ne Lawal ɗin. Walda nake yi, kuma ba yabon kai ba, kafin kwalba ta shiga tsakanina da hannuna babu wanda ya fi ni jan layi mai tsabta a garinmu. Matata Rabi ta riga ta ɗauki 'yarmu Ummi ta koma gidan mahaifinta, Alhaji Inuwa. Bai ce in sake ta ba, bai kuma ce ta dawo ba. Cewa ya yi yana da amini a Jidda mai suna Yahaya, wanda yake sauka a gidansa duk zuwansa Umara.

“Ran da Yahaya ya ce mini ka shiryu, Rabi za ta koma ɗakinta,” in ji shi. “Ran da ya faɗa mini akasin haka, sai ka sawwaƙe mata.”

Da wannan na sauka ƙasar, aurena yana bakin wani tsoho da ban taɓa gani ba.

Kamfanin da ya ɗauke ni yana unguwar masana'antu, can kudancin gari, inda babu abin kallo sai katangu da manyan motoci. Tankunan ruwa muke haɗawa da ƙarafan rufin sito. Mutumin da ya tashi cikin sanyin Bukuru, wanda ko da bazara sai ya ja bargo da asuba, shi aka cusa cikin rigar walda a iskar Jidda mai danshi kamar tururin tukunya. Gumi yakan taru a gilashin fuskata har in daina ganin wutar. Idan an tashi, bas ta kwashe mu zuwa sakan, wato gidan kwanan ma'aikata, gado a kan gado, kowa ya manna waya a kunne yana yi wa iyalinsa ƙaryar komai lafiya lau. Na yi kewar gwaten accan Rabi, na yi kewar surutun Ummi, har ɗaukewar wuta na yi kewa, abin da ban taɓa zaton ɗan Najeriya zai yi ba. Amma ban sha komai ba, ina ta jin kaina wani sabon waliyyi.

Juma'ar farko da na samu sarari na nemi gidan Yahaya a unguwar Bani Malik, a saman wani tsohon bene, ƙasansa shagon gyaran waya. Ammu Yahaya kowa yake ce masa, wato Baffa Yahaya. A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Sudan, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba, ko da yake ya fi ni son daddawa. Sana'arsa zuba gahwa. Tun yana saurayi ya yi aiki a gidan wasu Larabawan ƙauye masu riƙon al'ada, daga nan ya koma zuba wa baƙi a gidajen biki. Da ƙafa ta fara ciwo sai ya riƙa dafawa a gida yana kai wa masu buƙata a fulas. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci falonsa yakan cika da maƙwabta da tsofaffin abokai, a ci shinkafa, a sha gahwa da dabino.

Ranar na ba da kaina. Ya miƙo mini ɗan finjali, gahwar a can gindi, ko rabi ba ta kai ba. A raina na ce wannan tsoho akwai rowa. Na kurɓe na miƙa masa, ya sake zubawa. Mu a gida babba ba ya miƙo abu ka ƙi karɓa, don haka na sake kurɓewa. Ya ƙara. Haka muka yi ta yi, cikina yana ƙuna, ƙirjina yana dukan uku-uku, ina jira ya gaji, shi ma ashe jira yake in gaji. Sai da falon ya fashe da dariya sannan ya sauke butar.

“Ya waladi, ɗana, so kake ka ƙarar mini da gahwar jama'a? Idan ka ƙoshi girgiza finjalin ake yi, haka, kaɗan, halas, shi ke nan. Mai zuba ba ya tambaya. Hannu yake kallo.”

Na koyi wannan, na ɗauka na sauke karatun gahwa ke nan. Daga ranar ban fasa zuwa ba, kuma duk lokacin da Alhaji Inuwa ya kira, Ammu yakan ce masa, “Yaron nan tamam, ba ya fashin Juma'a.” A lokacin gaskiya yake faɗa.

Wanda yake kwana a gadon samana Garba ne, mutumin Zariya, direban motar ɗaga kaya, mai barkwanci da son mutane. Wata Alhamis da yamma ya shigo da gorar ruwa, ya rufe ƙofa, ya buɗe murfin. Tun kafin ya yi magana hancina ya gaya mini ba ruwa ba ne. Sadiki suke ce mata, ana dafa ta a ɓoye cikin banɗakunan wasu gidaje, da sukari da yis da abin da Allah kaɗai ya sani. Warinta kamar na man goge fenti.

“Malam Lawal, ka ɗan jiƙa maƙoshi. Gajiyar nan ba ta jin magani.”

Ba zan ɗora wa Garba laifi ba. Bai danne ni ba. Hannuna ne ya miƙe da kansa, kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe bai gani ba.

Daga nan na koma gidan jiya. In sha da yamma, in tashi da ciwon kai, in ɗan taɓa kafin bas ta zo don hannu ya tsaya. Ranar Juma'a in tauna kanumfari, in yi wanka da turare, in je Bani Malik in zauna nesa da Ammu ina amsa amin. A Bukuru idan na sha, mutuncina kawai nake zubarwa. A nan kuwa laifi ne da hukuma take kama mutum a kai, a karɓe iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, a kai shi tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, a jefa shi jirgi. Tsoro bai hana ni ba, sai dai ya sa na ƙware wajen ɓoyewa.

Abin da ya girgiza ni Garba ne. Wata safiya ya farka yana tambayar wa ya kashe fitila, alhali rana ta cika ɗakin. Wata gora ya samo daga sabon hannu, ni kuma an riƙe ni a wurin aiki ban samu rabona ba. Aka kai shi asibiti, idon bai dawo ba, daga asibiti aka wuce da shi tarhil. Ni na haɗa masa jakarsa. Ina ninke rigunansa na ga 'yan takalman da ya saya wa ɗansa, masu fitila a dunduniya. Na zauna a bakin gado na yi kuka, rabi don shi, rabi don na san da yamma zan sake neman wata gorar. Na kuwa nema.

A nan na yarda ba zan iya ni kaɗai ba. Na taɓa jin cewa akwai zaman da masu irin ciwona suke yi, su taru su yi magana, su riƙe juna. A Jos an taɓa yi mini tayin irinsa na yi dariya. Yanzu ga ni a garin da ko sunan ciwon ba a faɗa, ina neman inda masu shi suke taruwa. Wa za ka tambaya? Balarabe kana tsoron ya kira 'yan sanda. Bahaushe kuwa kafin ka gama sallama ya tambaye ka garinku da unguwarku da sunan mahaifinka, kafin ka sha ruwa ya gano ƙanwar matarsa tana aure a bayan gidanku.

Haka ta faru da ni a unguwar Kurayyat. An kwatanta mini wani mai ruƙiyya, ɗan ƙasarmu, da ake cewa yana raba mutum da kowace irin jaraba. Na same shi a wani ɗaki cike da jarkoki. Na ce masa abokina ne yake da matsala. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce aljani ne ya shiga abokin nawa ta ƙafar hagu, ya haɗa ni da jarkar ruwa da kwalbar man zaitun a farashin da ya kusa sa ni ma in ga aljanin. Ina ɗaukar kayan ya ce, “Wannan Hausar taka ta Filato ce. Bukuru? Allahu Akbar! Ka san Alhaji Inuwa mai kayan gini?” Na ce ban san shi ba, na sauko matakalar da sauri. Ruwan na shanye shi, don ruwa ne mai kyau. Man kuma muka soya ƙwai da shi a sakan.

Sai na koma kan waya. Na samu irin zaman da ake yi ta bidiyo, daga ƙasashen Turawa. A ɗakinmu babu sirri, don haka bayan la'asar na hau rufin sakan, na rakuɓe a inuwar tankin ruwa, siminti yana gasa ni ta ƙasa. Fuskoki suka fito a 'yan akwatuna. Turancina na makanikai ne, nasu kuwa gudu yake kamar ana korarsa. Wata tsohuwa tana magana tana kuka, karenta yana haushi a bayanta. Na ji tausayinta, amma ban kama ko rabin zancen ba. Da aka zo kaina na buɗe baki sai wayar ta ɗauki zafi ta mutu. Da na sauko 'yan ɗakinmu suka sa ni gaba da tsiya, wai Lawal ya samu baturiya yana ɓoye musu.

A cikin wannan lalube na samu lambar wani mutum da aka ce yana Jidda. Na tura masa saƙo. Ya amsa da kirki, ya ce suna zama ranar Asabar da yamma, ya turo mini wurin. Sunansa na farko kawai ya ba ni, don haka suke yi. Na nemi izini da ƙaryar ciwon haƙori, na keta garin nan tun daga kudu har arewa, bas da tasi da ƙafa. Wurin ashe irin unguwannin nan ne na Turawa masu doguwar katanga da shinge. Maigadi ya leƙo ta taga, ya dubi takalmina na aiki, ya nuna mini ƙofar masu gyara ta baya. Na ce baƙo ne ni. Ya ce baƙon wa, lambar gida nawa? Na faɗi sunan da na sani. Ya ce masu wannan suna sun fi a ƙirga a ciki. Ya ce in ba da iƙamata a rubuta, in faɗi abin da ya kawo ni, sai a kira. Na kira mutumin bai ɗauka ba, ina jin sun riga sun fara sun kashe wayoyi. Na tsaya da iƙama a hannu, na kasa miƙa ta. Maigadin ya ga yadda nake zufa, ya miƙo mini gorar ruwa mai sanyi ta tagar. Har yau ina yi masa addu'a. Na sha a bakin titi na juya.

Akwai asibitin gwamnati na masu irin wannan larura, na ji ana cewa wanda ya kai kansa ba a hukunta shi. Na je na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar. Amma in sun kwantar da ni, me zan ce wa kafili, ubangidan da ya kawo ni aiki? Me za a ce wa Ammu idan ya neme ni? Na gaji. Gajiyar da nake nufi ba ta jiki ba ce, irin wadda mutum zai zauna a tashar bas ya ji ko bas ɗin ta zo ko kada ta zo duk ɗaya ne.

Sai na yi abin da daga baya likita ya ce mini ganganci ne: na yanke sha lokaci guda, ni kaɗai. Jikina ya ce bai san zancen ba. Zufa, amai, rashin barci, hannu kuwa kamar na mai kaɗa kuge. Layin waldata ya koma kamar sawun kaza a cikin laka. Foman ya duba, ya girgiza kai, ya karɓe sandar walda ya ba ni injin goge ƙarfe, aikin sababbin zuwa. Ana cikin haka Ammu ya kira. Na riga na yi fashin Juma'a biyu a jere.

“Ya Lawal, fenak, ina ka shiga? Alhaji zai kira ni cikin satin nan. Me zan ce masa, na ce ka ɓata? Yalla, gobe ina jiranka.”

Na je. Falon ya cika kamar kullum. Na zauna kusa da ƙofa na cusa hannuwana ƙarƙashin cinya. Ammu ya zagayo da butarsa a hagu, finjalai a dama, har ya iso kaina. Na zaro hannu na karɓa. Finjalin ya fara rawa, gahwar tana tsalle tana neman zuba a rigata. Na san in na kai shi baki sai ya bugi haƙorana kowa ya ji. Sai dabara ta zo mini: in ajiye shi a kan darduma kamar ina jira ya huce. Na ajiye a gabana, na mayar da hannu ƙarƙashin cinya, ina jin na tsira.

Falon ya yi tsit. Wani tsoho da yake ba da labari ya tsaya a tsakiyar magana. Ammu bai wuce ba. Ya tsaya a kaina da butarsa, yana kallon finjalin nan a ƙasa.

Abin da ban sani ba, a al'adar mutanen da Ammu ya tashi a hannunsu, baƙo ba ya ajiye finjalin farko bai sha ba sai idan ya zo da babbar buƙata. Ajiyewar tana nufin ba zan sha gahwarka ba sai ka biya mini. Maigida kuma ba shi da sukuni sai ya amsa. Duk wanda yake falon nan ya san haka, ban da ni.

“Ya waladi, ka ajiye gahwata a gaban jama'a,” in ji Ammu a hankali. “Mece ce buƙatarka?”

Na ɗaga kai. Idanu sun yi mini caa. Na rasa ko ƙaryar da zan yi, ni da ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba. Ammu ya dubi fuskata, ya dubi inda na ɓoye hannuwana, ya daɗe yana kallo. Sai ya juya ga mutane.

“Buƙatar ɗana ce, tsakanina da shi.” Ya dawo kaina. “Abshir, kwantar da hankalinka. Na ɗauka, ko mece ce. Sha gahwarka.”

Ya durƙusa da ciwon ƙafarsa, ya ɗauki finjalin, ya tsaya ta yadda jikinsa ya kare ni daga mutane, ya riƙe mini gindinsa har na kurɓe. Tsohon can ya ci gaba da labarinsa.

Bayan la'asar, da kowa ya watse, ya ja ni zuwa ɗan ɗakin da yake soya gahwa. Ya zauna a kan buhu.

“Tun ina yaro nake saka finjali a hannun mutane. Na san rawar tsufa, na san ta zazzaɓi, na san ta ango. Wannan taka ma na santa. Amma ba zan faɗa maka ba, kai za ka faɗa.”

Na faɗa masa. Garba, Kurayyat, rufin sakan, ƙofar Turawa, duka. Bai yi salati ba, bai yi mini wa'azi ba. Da na gama na ce, “Ammu, tunda kun ɗauka, abu biyu nake roƙo. Ku taimake ni in samu mutanen nan masu zama, in akwai su a garin nan. Sannan don Allah kada Baba Alhaji ya ji.”

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Finjali ɗaya ka ajiye. Na yi alkawari a gaban mutane, ba zan saɓa ba. In ka zaɓi shiru, wallahi zan yi shiru, in ce masa ya daina tambayata, ba ni da abin faɗa. Amma ba zan ɓoye maka ciwo da hannun dama in yi maka magani da na hagu ba, alhali mutumin ya ba ni amanar 'yarsa. In ka zaɓi ɗayan, na san inda zan kai ka, kuma in ya tambaye ni zan faɗa masa gaskiya. Zaɓi.”

Na ji haushinsa ƙwarai. A raina na ce ga tsoho da taurin kai, ana maganar aure yana maganar finjali. In na zaɓi shiru, wataƙila Rabi ta dawo. Na hango ta ta dawo ɗakin, ta shimfiɗa zanen gado, ta jera kwanukanta. Sai na hango wanda za ta tarar a ciki, wanda ta gudu ta bari ne, ko kuma a kawo mata shi a jirgi yana lalube kamar Garba. Na daɗe ina kallon buhunan nan.

“Ku kai ni,” na ce.

Ashe shekaru ke nan Ammu yana kai fulas biyu na gahwa wata istiraha, irin gidajen hutun nan da ake haya a bayan gari, duk Talata da yamma. Wasu maza suke taruwa a ɗakin baya. Bai taɓa shiga ba, bai taɓa tambaya ba, amma mai zuba gahwa yana da kunne. Talatar nan ya biyo ta sakan da tsohuwar motarsa, ya ɗora mini fulas ɗin a cinya. A bakin ƙofa ya yi magana da wani dogo mai farin rawani, ya nuna ni, ya koma mota ya kunna rediyo.

Dogon ya ce mini da Hausa, “Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Sunana Usman.” Bahaushen Sudan ne. Na jira tambayar da ta saba biyowa, ta gari da unguwa da uba. Ba ta zo ba. Ya karɓi fulas ɗaya ya ce in cire takalmi.

Mutane ne kamar cikin ƙaramar bas, zaune a kan darduma. Akwai 'yan ƙasa, akwai Bamisire, akwai wani Ba'indiye mai furfura. Wasunsu daga asibitin nan da na tsaya a tsallakensa suka san juna. Da Larabci ake magana, Usman yana raɗa mini fassara. Wani mai farar riga da agogon da ya fi albashina ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a tankin banɗaki, aka yi dariya, ni ma na yi, don a can nake ɓoye tawa. Rabon da in yi dariya har na manta. Da aka zo kaina na yi magana da Hausa, Usman yana juyawa. Ban faɗi abin kirki ba, na dai ce sunana Lawal, na gaji. Suka gyaɗa kai kamar na yi huɗuba. Aka miƙo mini gahwa, ta zube a rigata, babu wanda ya kalli rigar. Kafin mu rabu Usman ya yi mini faɗa a kan yanke sha ni kaɗai, washegari kuma ya raka ni wurin wani likita da suka sani.

A hanyarmu ta komawa daga istirahar Ammu ya ce, “Alhaji zai kira jibi. Ni na ce zan faɗa masa in ya tambaya. Ban ce dole ni zan fara faɗa ba.”

Na gane. Washegari da azahar, lokacin hutun aiki, na tsaya bayan wani tanki na kira Rabi. Na gaya mata.

“Baban Ummi, ka ɗauka ban san muryarka ba? Tun kafin azumi na ji ta canja. Na zuba ido ne in ga ta bakin wa zan ji, don kullum a bakin maƙwabta nake jin labarinka.”

“Yanzu ya ke nan, Rabi?”

“Ban sani ba. Zaman nan naku, sau nawa ake zuwa a gama?”

“Ba a gamawa.”

“To,” ta ce, ta kashe.

Alhaji Inuwa ya kira Ammu, Ammu ya faɗa masa komai, har da cewa shi yake kai ni. Alhaji ya ce magana ta ƙare, in cika sharaɗi. Na kwana biyu ina jiran ya kira ni da kansa, bai kira ba. A bakin Inna na ji cewa Rabi ta durƙusa gabansa ta ce a ɗan saurara mata, ba ta ce za ta koma ba, amma ba ta shirya karɓar saki ba. Tun daga nan Alhaji bai sake amsa gaisuwata ba, ya kuma rage kiran Ammu. Na jawo wa tsohon nan sanyin abota ta shekaru, bai taɓa yi mini gori ba.

Ba zan ce hanya ta miƙe ba. Na taɓa zamewa sau ɗaya, na je Talata na faɗa, aka matsa mini wuri na zauna. Foman ya daɗe kafin ya mayar mini da sandar walda. Zafin Jidda yana nan, sakan yana nan, wani ne yanzu a gadon Garba. Abin da ya ƙaru shi ne duk Talata da yamma saƙon Rabi yakan shigo, kalma biyu, babu sallama babu gaisuwa: “Ka je?” In ce na je. Ba ta ƙara komai.

Talatar da ta wuce muna tsaye a bakin istiraha, ina sauke fulas daga motar Ammu, wayata ta yi ƙara. Ba saƙo ba ne, kira ne.

“Baban Ummi, makullin ɗakinmu yana wurin wa?”

Na ajiye fulas ɗin a ƙasa don kada ya suɓuce.

“Yana wurin Inna.”

“Damina ta kusa. Zan je in duba ko rufin nan yana yoyo, kada katifa ta ruɓe. Dubawa kawai zan yi, kada ka sa wani abu a ranka.”

“Ban sa ba.”

“Ka je?”

“Ina bakin ƙofa.”

“To me kake jira? Shiga mana.”

Ammu yana kallona ta tagar mota. Na share fuskata da hannun riga, na ɗauki fulas ɗin na shiga, don an riga an fara zama.